Ciwon da ke kashe barci kafin ya kashe mai shi

Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne, kuma duk wanda ya taɓa yin gardama da shi ya san gaskiyar maganar. Mai gadin da ya sha shayi har na uku, da direban babbar mota da ya taso daga Yamai da la'asar yana son asuba ta yi mishi a Maraɗi, da ɗan lakkwal mai shirin jarrabawa ƙarƙashin fitilar titi, kowanensu ya san sa'ar da kai ke rinjaya, ido ya rufe ba tare da ya shawarci mai shi ba. Mun kuma san ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke sa ma mutane a ƙasashen kurmi. Abin da ba mu saba ji ba shi ne kishiyarsa: ciwon da ke raba mutum da barci, ba na dare ɗaya ko na mako ɗaya ba, rabuwa ta har abada, ya bar shi ido biyu wata da watanni har rai ya yi halinsa.

Ciwon nan akwai shi. Lokotoro na ce mishi da Faransanci "insomnie fatale familiale", watau rashin barci na gado mai kisa. Yana cikin cututtukan da suka fi ƙaranci a duniya, domin zuri'o'in da aka tabbatar suna ɗauke da shi gommai ne kawai, a Italiya, Jamus, Sifen, Faransa, Amurka, Sin, Japan da wasu ƙasashe ƙalilan. Mun kawo labarinsa a wannan shafi ba don tsoratar da kowa ba, sai don abin da ya koya ma masana game da barci, da kuma halin da yake jefa iyalin da ya sauka gidansu.

Baƙon asibitin Bolonya

A shekarar 1984 wani mutum ɗan shekara 53, ɗan yankin Beneto da ke arewa maso gabashin Italiya, ya isa sashen binciken barci na jami'ar Bolonya, wurin furofesa Elio Lugaresi. Mutum ne mai son ado da shiga jama'a. Ƴan watanni kafin nan yana cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa sai ya ji rigarsa ta jiƙe sharkaf da zufa, ya dubi madubi ya ga baƙin idonsa ya tsuke kamar tsinin allura. Bai buƙaci wani ya yi mishi fassara ba. Ya ga irin idon nan a fuskar mahaifinsa, ya gan shi a fuskar ƴan uwansa mata guda biyu, kuma duka ukun ya raka su kabari. Saboda haka da ya zo gaban lokotoro shi ne ya faɗa musu abin da zai faru: barci zai ƙaurace mishi, kuma cikin wata takwas ko tara zai mutu. Ya yarda a ɗauki hotonsa dare da rana, ya kuma bar wasiyya cewa in ya cika a buɗe ƙwaƙwalwarsa a duba. Lissafinsa bai kuskure ba. Wata tara ciwon ya yi da shi.

Wanda ya haɗa shi da Bolonya surukin gidan ne, wani lokotoro mai suna Ignazio Roiter, wanda ya auri ɗiyar zuri'ar. Shi Roiter ya ga mutuwar matan nan biyu cikin shekarun 1970, ya kuma ga yadda asibitoci suka yi ta lalube cikin duhu: wannan ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne, wancan ya ce taɓin hankali ne, har aka samu mai zargin giya ga matar da ba ta sha. Sai shi da matarsa suka shiga bin tsofaffin littattafan majami'u, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwar mutanen ƙauye, suna tsintar sunayen dangin da suka mutu da irin wannan hali. Marubucin nan na Amurka D. T. Max, wanda ya fitar da littafi a kan zuri'ar a 2006, ya bi salsalar har zuwa wani lokotoro na birnin Benis da ya rasu a 1765. Watau sama da shekara 200 gidan na binne mutanensa ba tare da ciwon yana da ko suna ba. Maƙwabta kuwa, kamar na ko'ina, sun riga sun yanke nasu hukunci cewa gidan akwai baki a kansa. Da a garuruwanmu ne, da an ce sammu ko iskoki, kuma da wuya a ga laifin mai faɗa in ya ga abin da za mu bayyana yanzu.

Yadda ciwon ke tafiya

Galibi yana tasowa ne mutum yana wajen shekara 50, ko da yake an gan shi ga matasa ƴan ashirin da wani abu, an kuma gan shi ga tsofaffi. Kafin nan mutum lafiyarsa lau, babu alama ko ɗaya.

Farkonsa ba ya kama da abin tsoro. Iyali su ne ke fara lura cewa mutum ya sauya: mai fara'a ya koma shiru, mai kula da gida ya daina damuwa da komi, yana zaune kamar hankalinsa na wani wuri. Da dare yana juyi bisa gado, barcin rana da ya saba ya gagara. Wani ma ba ya kukan rashin barci da farko, domin da rana ana ganinsa yana gyangyaɗi, sai a ɗauka barci ne ya yi mishi yawa, alhali gyangyaɗin ba ya kai shi ko'ina. Tare da wannan sai jiki ya shiga wani irin tashin hankali, kamar na wanda ake kora. Zufa na karyowa ko cikin sanyi, zuciya na bugawa da sauri, jini ya hau, abin nan da muke ce ma tansiyo, da marece jiki ya ɗauki zafi ba tare da masassarar cizon sauro ko wata ƙwayar cuta ba. Hawaye da miyau na zuba, bayan gida ya ɗaure, fitsari ya rikice, namiji ya rasa ƙarfinsa na aure. Wasu suna ganin abu ɗaya ya zama biyu. Ga mai lafiya, dare lokaci ne da bugun zuciya ke sassautawa, jini ya sauka, jiki ya huce. Ga wannan majinyaci dare da rana sun zama ɗaya, injin yana ta ruri babu mai kashe shi.

Bayan ƴan watanni sai a shiga matakin da ya fi ba masu jinya al'ajabi da tausayi. Majinyaci yana zaune, an bar shi shi kaɗai, sai idonsa ya lumshe, ya faɗa wani hali da ba barci ba ne, ba kuma farke ba. A cikinsa sai ya riƙa aikata mafarkinsa da hannu da ƙafa: ya yi kamar yana ɓalla maɓallin riga, ko yana kai loma baki, ko yana gaisawa da wanda ba ya nan. Lokotoron Bolonya sun ba da labarin wata mata da sana'arta gyaran gashi ce kafin ciwo, wadda ke ɗaga hannu tana taje kan da babu shi. In aka kira sunan majinyaci sai ya dawo, ya amsa daidai, har ya faɗi abin da yake gani a mafarkin. Da an ƙyale shi sai ya koma. Da farko abin na ɗaukar daƙiƙoƙi ne, daga baya ya riƙa tsawo har ya cinye mafi yawan yini.

A nan ne zafin ciwon yake, a ganinmu. Mai ruɗewar tsufa yakan manta halin da yake ciki, mantuwar ta zame mishi wata irin rahama. Shi wannan, hankalinsa na gushewa ne a hankali, kuma ya daɗe yana gane mutanensa, yana sane da abin da ke cinsa, tun ba ma in ya yi jinyar uwa ko uba da ciwon ba. Abin da ke fara raunana shi ne natsuwa da riƙe sabon zance, ba sanin kansa ba.

Daga nan sai jiki ya bi. Tafiya ta koma tangaɗi kamar ta mashayi, har ta gagara. Harshe ya yi nauyi, magana ta daina fita sosai. Gaɓoɓi su riƙa fizga da kansu, numfashi ya rikice, haɗiya ta yi wuya har ruwa ya riƙa sarƙe shi. Mutum ya rame ƙwarai ko da ana ciyar da shi, domin jikin da ba ya hutawa yana ƙone abin da ya samu. A ƙarshe magana ta ɗauke gaba ɗaya, ya kwanta ba motsi, ya shiga dogon suma. Sau da yawa ciwon huhu ne ko wata cuta da ta samu jiki a raunane ke ƙarasa shi. Daga alamar farko zuwa mutuwa, matsakaicin lokaci wajen wata 18 ne. Wasu ba su wuce wata bakwai, wasu suna kai shekara uku. Ba kowane majinyaci ke bin matakan nan a jere ba, ko cikin gida ɗaya akan samu wanda tangaɗi ya riga rashin barci zuwa gare shi.

Mai karatu zai ce: to, ba sai a ba shi maganin barci ba? An ba su. Ƙwayoyin da ke kwantar da ƙato cikin minti goma ba su kawo ma waɗannan mutane barci na gaskiya. Iyakarsu su dusashe hankali, wani lokaci ma su ƙara dagula al'amari. Dalili kuwa shi ne maganin barci yana taɓa wata na'ura ce da ke cikin ƙwaƙwalwa don ta yi aikinta, su kuwa na'urar ce ta lalace.

Zauren ƙwaƙwalwa

Lugaresi da abokan aikinsa sun liƙa ma majinyacinsu wayoyi a ka, na'ura tana zana motsin wutar ƙwaƙwalwarsa bisa takarda. Ga mai lafiya, in barci ya fara kama shi, zanen yakan fitar da wani ɗan tsari mai kumburi a tsakiya da tsini a gefe biyu, wanda masana suka sa ma suna mazari, don ya yi kama da mazarin kaɗi da zare a jikinsa. Bayan mazari sai manyan igiyoyi masu tafiya sannu, su ne barci mai nauyi da ke wartsakar da jiki. A takardar mutumin Beneto mazarin ya yi ta raguwa har ya ɓace, barci mai nauyi ma haka.

Da ya rasu aka aika ƙwaƙwalwarsa birnin Kilibilan na Amurka, wurin Pierluigi Gambetti, wani masani ɗan Italiya da ke aiki can. A ido ƙwaƙwalwar kamar lafiyayya. Sai da aka yanka ta siriri-siriri aka sa a madubin ƙara girma, sannan aka ga ɓarnar ta taru a wuri ɗaya, cikin wani sashe da ke tsakiyar ka mai suna talamus, inda mafi yawan ƙwayoyin jijiya na ɓangarori biyu suka mutu. Talamus kamar zaure yake a gidan Bahaushe. Abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da fata ta taɓa, duk ta nan suke bi kafin su shiga cikin gida. In dare ya yi, zauren ne ke tura ƙyaure, masu gida su samu su huta. In zaure ya rushe, gida ya zama titi. A 1986 suka buga sakamakon a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka, ciwon ya samu sunansa. Kafin wannan aiki masana ba su ba talamus muhimmancin da ya kamata ba a sha'anin barci. Kuma kuskure ne a ce rashin barci kaɗai ke kashe waɗannan mutane, domin sassan da suka lalace suna da hannu cikin daidaita bugun zuciya, zafin jiki da sinadaran da ke bambanta ma jiki dare da rana.

Saura tambaya: mi ke cin zauren? Amsa ta zo a 1992, kuma ta haɗa ciwon da wani dangin cututtuka da makiyayan Turai suka daɗe da sani. Tun ƙarni na 18 tumakinsu ke kamuwa da wani ciwo na makyarkyata da susa, tunkiya ta yi ta goga jiki a shinge har ta mutu. A 1936 wasu likitocin dabbobi biyu na makarantar Tuluz a Faransa, Cuillé da Chelle, suka nuna ana iya sa ma lafiyayyar tunkiya ciwon, amma sai ya yi fiye da shekara kafin ya bayyana. An yi ta neman ƙwayar cutar ba a samu ba. A 1982 Stanley Prusiner na Amurka ya ce ba ƙwayar cuta mai rai ba ce, furotin ne kawai, irin sinadarin da jiki ke ginuwa da shi, ya kuma raɗa mishi suna piriyon. An yi mishi dariya sosai kafin a ba shi kyautar Nobel a 1997.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗayanmu yana da wannan furotin a ƙwaƙwalwarsa, kuma ba ya cutar da shi. A ɗauke shi kamar carbi mai ƙwaya 253, wanda jiki ke naɗewa ta wata hanya sananna. In aka samu ɗaya ya naɗu a karkace, sai ya riƙa taɓa na kusa da shi yana karkatar da su, su ma su karkatar da wasu, har su taru su kashe ƙwayoyin jijiya. Wake ɗaya ke ɓata gari. A zuri'ar Beneto, umurnin da ake gada na ƙera carbin, wanda ke bisa kuromozom na 20, yana da kuskure a ƙwaya ta 178, shi ya sa in shekaru suka tura sai naɗin ya karkace da kansa. Wani abin mamaki kuma, ƙwaya ta 129 ita ke zaɓen irin ciwon: in ta kasance iri kaza sai a samu rashin barci mai kisa, in ta kasance ɗaya irin, kuskuren nan dai na 178 sai ya haifar da ciwon Creutzfeldt-Jakob, wanda ya fi saurin ruɗa hankali.

Masu sauraren rediyo za su tuna da haukar shanu. A ran 20 ga watan Maris na 1996 gwamnatin Ingila ta amsa cewa ciwon shanunta, waɗanda aka yi ta ciyarwa da garin nama da ƙashin dabbobi, abin da makiyayin Azawak ba zai taɓa kawowa a ransa ba, yana iya kama mutum ta hanyar cin nama. Mutum 178 suka mutu a ƙasar. Wannan ma piriyon ne, amma hanyarsa dabam. Rashin barci na gado ba a ɗaukarsa a kwano, ko a tabarma, ko wajen jinya.

A sani ko kar a sani

Gadonsa ba irin na amosanin jini ba ne, wanda muke ce ma emasi, inda sai uwa da uba duka sun ba yaro kafin ya kamu. A nan mutum ɗaya ya isa, uwa ko uba, kuma kowane ɗa ko ɗiya yana da kashi 50 cikin 100 na gadon kuskuren. Wanda ya gada kuwa kusan babu makawa sai ciwon ya same shi in ya yi tsawon rai. Tun da yake ciwon yana jira sai mutum ya yi aure ya hayayyafa, yakan riga ya miƙa shi gaba kafin ya san yana da shi.

Tun 1992 gwajin jini yana iya faɗa ma ɗan shekara ashirin ko yana ɗauke da shi. Amma maganin warkarwa babu. To, wa zai so ya ji? Da yawa daga ƴan zuri'ar Italiya sun ƙi a faɗa musu, kuma ba mu ga mai ikon ce musu matsorata ba. Sai dai rashin sanin ma ba hutu ba ne: a irin gidan nan, wanda ya kwana biyu bai runtsa ba saboda zafi ko tunani, shi da iyalinsa ba su da sauran kwanciyar rai sai ranar da aka ji shi yana minshari. A 2012, da cibiyar Mario Negri ta Milan ta fara gwada wani tsohon magani mai suna dokisisikilin ga ƴan zuri'ar don a ga ko zai jinkirta ciwon, sai da aka tsara aikin yadda masu ɗauke da kuskuren za su sha maganin, marasa shi su sha ƙwayar da ba komi a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda aka ba shi ba, don kar kwalbar magani ta tona mishi abin da ya ƙi ji.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi magana da mai karatun da ya kai wannan layi gabansa na faɗuwa don shi ma barci na yi mishi wuya. Rashin barcin da ke damun jama'a a Damagaram ko Tawa na da dalilansa sanannu: zafin bazara, sauro, shayi da goro da kofi bayan isha'i, bashi, baƙin ciki, tiramol. Ba ya zama wannan ciwo komi daɗewarsa. Akwai wani nau'in da ke faɗa ma mutum ba tare da gado ba, wanda aka bayyana a 1999, amma ya fi na gadon ma ƙaranci nesa ba kusa ba. Wanda barci ya gagara ya je ya ga lokotoro, ya bar sayen ƙwayar barci a tiren ƴan talla.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi su sani. Sonia Vallabh, wata Ba'amurkiya da ta karanta shari'a, ta rasa mahaifiyarta a 2010 tana da shekara 52, bayan ciwon da ba a gane ba sai da aka duba ƙwaƙwalwar mamaciyar. A 2011 ta yi gwaji, aka ce ta gada. Ita da mijinta Eric Minikel, wanda aikinsa tsara birane ne, suka ajiye sana'o'insu suka koma karatun ilimin halitta daga tushe, har suka samu digirin dokta a jami'ar Harbad a 2019, suka buɗe ɗakin bincike a cibiyar Broad. Sun haifi ƴaƴa biyu ta hanyar haɗa ƙwai a asibiti, inda ake gwada shi kafin a dasa a mahaifa, don a tabbatar bai ɗauki kuskuren ba. Dabarar da suke bi ta samo asali daga wani bincike na 1993 a birnin Zurik na Suwis, wanda ya nuna ɓeran da aka hana jikinsa ƙera furotin ɗin sam ba ya kamuwa da ciwon piriyon ko an sa mishi. Watau in aka rage carbin da jiki ke ƙerawa, mai karkatarwa zai rasa abin da zai karkatar. A ƙarshen 2023 kamfanin Ionis ya buɗe gwajin farko ga mutane na wani magani mai wannan aiki, wanda ake yi ma majinyaci allurarsa a gadon baya.

Waɗanda aka fara gwajin da su mutane ne da ciwon ya riga ya bayyana gare su. Vallabh da mijinta suna jayayya cewa wurin da ya kamata a tare shi yana gaba da nan, tun ƙwayoyin jijiya ba su mutu ba, domin wadda ta mutu ba ta dawowa. Lokotoron Bolonya sun riga sun nuna akwai wannan tazara: a wani rahoto na 2006, hoton ƙwaƙwalwar wani ɗan zuri'ar ya nuna zaurensa ya fara yin sanyi wata 13 kafin ya rasa barcin darensa na farko.